Ina Neman Irin Wancan Fim Ɗin, Amma Jini Kawai Ake Kawo Mini

Anti, barka da ƙoƙari. Watanni ke nan ina jinyar mahaifina da ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma ni ke kwana da shi. Idan ya samu barci, ni nawa idon ba ya rufuwa, sai in sa abin sauraro a kunne in kalli wani abu a waya. A haka na ci karo da fim ɗin wata mata da ƙaramin jirginsu ya faɗi cikin tsaunuka masu ƙanƙara, ta rage ita kaɗai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kowace safiya take ƙirga ashanar da ta rage mata, ta yi wa kanta magana, ta miƙe. Da ya ƙare na sha kuka, bayan nan kuma na ji wani sauƙi da na daɗe ban ji ba. Tun daga ranar nake neman irinsa, fim ne ko littafi ko shiri mai dogon zango, har da irin kiɗan da ke cikinsa. Amma duk abin da manhaja ta jero mini, ko na fatalwa ne, ko na wani mahaukaci mai yanka mutane, ko na gasar kashe juna. Ɗaya daga ciki ya hana ni sukuni kwana da kwanaki. Maigidana ya ce, "Wahalar da kike ciki ba ta ishe ki ba, sai kin nemo ta wasu kin ƙara?" Yayata kuma ta ce in koma kallon na barkwanci. Yaya zan yi in samu abin da nake nema? Kuma don Allah ki gaya mini gaskiya, wani abu ne ya same ni da nake son irin waɗannan labarai?

Ƙanwarki mai jinya

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na ga ita ce ta fi damun ki. Babu abin da ya same ki. A farkon 2020, lokacin da annobar korona ta kulle duniya a ɗaka, mutane ba su guje wa labarin annoba ba. Wani fim na 2011 mai suna Contagion, wanda aka fara mantawa da shi, ya dawo sahun gaba cikin finafinan da aka fi nema a intanet, kuma littafin Albert Camus na 1947 a kan annobar da ta sa aka rufe wani gari ya sake samun kasuwa a Faransa da Italiya. Waɗanda ke cikin tsoro su ne suka neme su, ba masu neman nishaɗi ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Jinya wahala ce da ba ta da fasali. Ba ki san yaushe za ta ƙare ba, ba ki san yadda za ta ƙare ba, kuma jiya da yau duk kamarsu ɗaya. Babu mai tafa miki don kin juya shi da tsakar dare ko kin canza shimfiɗa. Sai ga fim ya nuna miki wata da ke cikin irin wannan hali, ita ma abin da ke gabanta ƙananan ayyuka ne da ake maimaitawa, amma an haska su da fitila an ce wa duniya ta duba, wannan shi ne jarumtaka. Kukan da kika yi na wanda aka gane halin da yake ciki ne. Maigidanki kuwa ba don mugunta ya faɗi abin da ya faɗa ba. Ya ga gajiya a fuskarki, yana so ya rage miki kaya, sai ya kama abin da idonsa ya gani. Ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, har da zancen ashanar. Ina kyautata zaton zai fahimta.

Yanzu ga neman. Abin da ya sa manhaja ke ba ki kunya shi ne ba ta san abin da ya taɓa ki ba. Abu biyu take dubawa: alamar da aka liƙa wa fim, da abin da sauran waɗanda suka kalle shi suka kalla bayansa. A wurinta, matar da ke fama da sanyi da yunwa da matar da wani ke bi da gatari duk kwandonsu ɗaya, tunda kowacce tana neman kuɓuta da ranta. Kuma duk lokacin da kika buɗe na yanke-yanken kika kalli minti goma kafin ki rufe, kin ƙara mata hujjar kawo miki wani. Don haka ki shiga jerin abubuwan da kika kalla ki goge waɗanda ba ki so, ki danna alamar rashin so a kansu. Netflix da YouTube duka suna da wannan damar. Zai rage shirmen, amma ba zai yi miki aikin ba. Aikin naki ne, kuma shi ne ainihin abin da nake so ki ɗauka daga wannan amsa: ki daina neman "irin wancan fim", ki nemo sunan abin da ya kama ki a cikinsa.

Akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu a birnin Seattle na Amurka, Nancy Pearl, da ta yi suna wajen haɗa mutane da littafin da zai dace da su. Ta ce ƙofa huɗu ce mai karatu ke bi ya shiga littafi: labarin, mutanen ciki, wurin da abin ya faru, da daɗin harshen. Mutum biyu za su so fim ɗaya amma ta ƙofa daban suka shiga. Wani abin da ya riƙe shi shi ne fargabar za ta tsira ko ba za ta tsira ba. Shi kam ko fim ɗin ɓarayin banki ma zai biya masa buƙata. Wani kuma girman tsaunin da farin ƙanƙarar ne suka tafi da shi. Ke kuwa wasiƙarki ta riga ta ba da amsa. Ba ki ambaci faɗuwar jirgin ba, ba ki ambaci ceton ba. Ashana kika ambata, da miƙewa kowace safiya. Abin da kike nema shi ne mutum na gari a cikin doguwar wahala, wanda abokin gabarsa yanayi ne ko tsautsayi, ba mugun ɗan Adam ba, kuma wanda ake nuna yadda yake raba kwanakinsa da ɗan abin da ke hannunsa. Da zarar kin iya faɗin wannan a jimla ɗaya, rabin neman ya ƙare.

Hanyar da na fi amincewa da ita ga mai irin buƙatarki ita ce bin labaran da suka faru da gaske. Ba sai kin san sunan littafi ko fim ba. Ki rubuta sunan wuri da shekara, ko sunan mutumin, a wurin bincike. Kowane babban lamari irin wannan yakan haifi littafin wanda abin ya faru da shi, da littafin ɗan jarida, da fim na gaskiya mai hira da mutanen, da fim na 'yan wasa, da hirarraki a rediyo. Zare ɗaya kika ja, abu biyar ko shida suka biyo.

Ki fara da Juliane Koepcke, don ita ce ta fi kusa da matar fim ɗinki. Ranar 24 ga Disamba 1971, tsawa ta faɗa wa jirgin da take ciki tare da mahaifiyarta a sararin dajin Amazon na ƙasar Peru. Mutum 92 ne a jirgin, ita kaɗai ta rayu, tana da shekara 17. Ta faɗo ɗaure a kujerarta, ƙashin da ke tsakanin wuyanta da kafaɗarta ya karye, tabaranta ya ɓace, takalmi ɗaya ya rage mata. Mahaifinta masanin dabbobi ne, ya taɓa koya mata cewa wanda ya ɓace a daji ya nemi ruwa mai gudu ya bi shi, domin ƙorama tana kaiwa ga kogi, kogi kuma yana kaiwa ga mutane. Wannan kalma ɗaya ta riƙe har kwana 11. Da ta isa wata bukkar masu yankan katako, ta samu fetur ta zuba a raunin hannunta don fitar da tsutsotsin da suka shiga, kamar yadda ta taɓa ganin mahaifinta ya yi wa karensu. Ta girma ta zama masaniyar halittu, ta rubuta labarinta da kanta, kuma akwai hirarrakinta da yawa.

Sai labarin da nake so ki daɗe a kansa, na Ernest Shackleton da jirgin ruwansa Endurance. Sun bar Ingila a 1914 da nufin ratsa nahiyar Antaktika da ƙafa. Ƙanƙarar teku ta riƙe jirgin wata da watanni, ta matse shi har ya farfashe ya nutse a Nuwamba 1915. Mutum 28 suka zauna a kan ƙanƙara mai yawo a teku, babu rediyon da za su kira kowa, babu wanda ya san inda suke. Daga baya suka shiga ƙananan kwale-kwale uku suka kai wani tsibiri da babu kowa. Daga nan Shackleton da mutum biyar suka sake shiga kwale-kwale ɗaya suka yi tafiyar kusan kilomita 1,300 a tekun da ya fi kowane hauka, zuwa tsibirin South Georgia, sannan uku daga cikinsu suka haye tsaunukansa da ƙafa zuwa tashar masu kamun kifin whale. A ƙarshen Agusta 1916 aka kwaso sauran, duka 28 da ransu. Abin da zai burge ki a labarin ba tafiyar kwale-kwalen ba ce kawai. Watannin zaman jiran ne: yadda aka tsara lokacin tashi da na cin abinci, yadda aka raba aiki don kada kowa ya zauna da tunani, yadda shugaban ya riƙa jawo masu ƙorafi cikin tantinsa don kada gubarsu ta bazu. Shackleton ya wallafa nasa bayanin a 1919 da sunan South, kuma saboda daɗewarsa ana samun sa kyauta a Project Gutenberg, ana kuma samun karatunsa da murya a LibriVox. Alfred Lansing ya rubuta wani a 1959 bayan ya yi hira da waɗanda suka rage a raye ya kuma karanta littattafan ajiyar bayanansu na kullum. Nasa ya fi saurin shiga rai. Akwai hotunan gaske da mai ɗaukar hoton tafiyar, Frank Hurley, ya tsira da su. A Maris 2022 kuma aka gano gawar jirgin a zurfin mita 3,008, sunansa na nan raɗau a jikinsa.

Idan kuma wata rana kika ji kina son ganin ɓangaren masu jira a waje da masu ceto, ki rubuta Chile 2010 da Tham Luang 2018. A Chile, mahaƙa 33 ne ramin ma'adinai ya rufta da su a zurfin kusan mita 700. Kwana 17 babu wanda ya san suna raye, suna raba ɗan kifin gwangwani cokali biyu ga kowa bayan kowane kwana biyu, har suka liƙa takarda a bakin na'urar haƙa suka aiko sama cewa suna lafiya su duka. Sai bayan kwana 69 aka fito da su ɗaya bayan ɗaya, shugaban aikinsu Luis Urzúa ne na ƙarshe. A Tailan kuwa yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu ne ruwa ya tare a cikin kogon Tham Luang. Bayan kwana tara gwanayen nutso biyu 'yan Birtaniya suka same su, aka fito da su a sume bayan wani likita ɗan Ostareliya ya yi musu allurar barci, don kada firgita ta kashe su a ƙarƙashin ruwa. An yi finafinai na gaskiya da na 'yan wasa a kan duka biyun.

Ban da bin tarihi, akwai ƙananan dabaru da ke aiki. A shafin IMDb, kowane fim yana da jerin kalmomin da ke bayyana abin da ke cikinsa filla-filla, kamar haɗarin jirgi, kaɗaici, ƙanƙara. Ki buɗe na fim ɗinki, ki danna kalmar da ta dace da ƙofarki, za ta kai ki ga wasu. A shafin dai akwai sashen jagora ga iyaye, inda masu kallo ke rubuta irin jini da tashin hankalin da ke ciki. Ki mayar da duba shi al'ada kafin ki kunna komai da dare. Da kin duba, da wancan da ya hana ki sukuni bai shigo miki ba. A Letterboxd da Goodreads mutane ne da kansu ke haɗa jerin finafinai da littattafai, kuma jerin da mutum ya haɗa da zuciyarsa ya fi na na'ura nesa ba kusa ba. Idan kin shiga ɗakin karatu mai bin tsarin lambobin Dewey, ki nufi 910.4 don tafiye-tafiye da haɗurran teku, 796.522 don hawan tsaunuka, 613.69 don dabarun tsira. Ki tsaya gaban kantar ki duba maƙwabtan littafin da kika zo nema. Idan kuma mutum za ki tambaya, kada ki ce masa "ba ni fim mai daɗi". Ki ce, "Ina son labarin mutum shi da yanayi, mai tafiya a hankali, babu mugu, babu yanka." Mai amsa zai san inda zai dosa.

Nancy Pearl ɗin nan tana da wata ƙa'ida da za ta yi miki amfani, ke da lokacinki ba naki ba ne: ki ba littafi shafi 50, idan bai kama ki ba ki ajiye shi ba tare da jin laifi ba. Fim kuma minti ashirin sun isa.

Game da shirye-shiryen talabijin, ki san cewa kala-kala ne. Akwai waɗanda wani gwani ke nuna bajinta a daji alhali ma'aikata na tsaye a bayan kyamara. Waɗannan ba za su ba ki abin da kike nema ba, don babu kaɗaici na gaske a cikinsu. Wanda ya fi kusa da ƙofarki shi ne Alone, da aka fara a 2015. Ana sauke mutum goma a wurare daban-daban cikin daji, kowa da kaya goma da ya zaɓa, kowa shi ke ɗaukar kansa da kyamara, kuma duk wanda ya gaji yana da wayar da zai kira a zo a ɗauke shi. Abin lura a shirin shi ne da yawa ba yunwa ko namun daji ke fitar da su ba, kewar iyali ce. Akwai farauta da fiɗar dabbobi a ciki, ki sani tun yanzu.

Kiɗa kuwa hanyarsa ta fi sauƙi. Ki duba rubutun ƙarshen fim ɗin ki ga sunan wanda ya tsara kiɗan, ki nemi sunansa a Spotify ko YouTube. Yawancin kiɗan finafinai ana fitar da su daban. Amma ki rarrabe iri biyu. Akwai kiɗan da aka gina don ya tayar da hankali. A fim ɗin Dunkirk na 2017, Hans Zimmer ya yi amfani da ƙarar agogo da wata dabarar sauti da masanin halayyar ɗan Adam Roger Shepard ya bayyana a 1964, wadda ke sa kunne ya ji kamar sautin yana ta hawa ba ya kaiwa ƙarshe. Gwaninta ce, amma ba abin da mai kwana a gefen majinyaci za ta sa a kunne da ƙarfe biyun dare ba ne. Ɗaya irin shi ne mai faɗi, mai jan numfashi, mai barin shiru tsakanin sauti da sauti, kamar wanda Ryuichi Sakamoto da Alva Noto suka yi wa The Revenant a 2015. Shi fim ɗin yana da jini sosai, ban ba ki shawarar kallonsa yanzu ba, amma kiɗansa za ki iya saurara shi kaɗai. Sannan akwai kiɗan da waɗanda ke cikin uƙuba suka yi da kansu. Olivier Messiaen, ɗan Faransa, ya tsara wani kiɗa na kayan kiɗa huɗu yana fursunan yaƙi a sansanin Jamusawa da ke Görlitz, aka fara kaɗa shi a gaban sauran fursunoni ranar 15 ga Janairu 1941 cikin tsananin sanyi. Ki rubuta sunansa da shekarar, zai fito. Wasu sassansa suna da wuyar shiga kunne da farko, amma sassa biyu masu tafiya a hankali, na babbar goge da na ƙaramar goge, suna kwantar da zuciya. Ko mutanen Shackleton, da jirgi ya farfashe aka ce kowa ya zubar da kayansa sai ɗan abin da ba makawa, shugaban ya sa an tsira da banjo ɗin ɗaya daga cikinsu, wato wani abin kiɗa mai tsirkiya, duk da nauyinsa, domin ya ɗauke shi a matsayin maganin zuciya.

Akwai magana ɗaya da ba zan ɓoye miki ba, don ina jin tsoron kada waɗannan labarai su yi miki wata illa a ɓoye. Waɗanda suka rayu su ne ke ba da labari, kuma masu shirya fim suna son nuna cewa ƙarfin zuciya ne ya tsirar da su. Ba haka abin yake ba koyaushe. Ki dubi haɗarin tsaunukan Andes. Ranar 13 ga Oktoba 1972 jirgi ɗauke da mutum 45, yawancinsu matasa 'yan wasan rugby daga Yurugwai da danginsu, ya faɗi a kan ƙanƙara. Sun ji da kunnensu a ƙaramar rediyo cewa an daina neman su. Yunwa ta kai su ga cin naman 'yan'uwansu da suka rasu. Bayan kwana 72, mutum 16 suka fita da rai, bayan Nando Parrado da Roberto Canessa sun yi tafiyar kwana goma a tsaunuka. To amma takwas daga cikin waɗanda suka rasu, zaftarewar ƙanƙara ce ta binne su suna kwance cikin gangar jikin jirgin da dare. Tsakanin wanda ya mutu da wanda ya rayu a daren nan, bambancin wurin kwanciya ne kawai. Parrado da ya ratsa tsaunuka bai iya ceton mahaifiyarsa da ƙanwarsa ba. Shi ya sa fim ɗin da J. A. Bayona ya yi a 2023 a kan lamarin ya sa muryar mai ba da labari a bakin Numa Turcatti, wanda bai tsira ba, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa hidima ga sauran. Ina gaya miki wannan ne saboda Baba. Ciwo yana da tasa hanyar, rai kuma a hannun Allah yake. Duk yadda jinyar nan ta kasance, kada ki bari wani fim ya sa miki tunanin cewa da kin ƙara ƙoƙari, ko da shi ya ƙara jajircewa, da abin ya canza.

Ki kuma lura da abin da labaran gaske ke nunawa wanda finafinai kan taƙaita: kusan babu wanda ya tsira shi kaɗai. Juliane masu yankan katako ne suka same ta, suka kai ta gari a kwale-kwale. Parrado da Canessa wani makiyayi ne, Sergio Catalán, ya hango su a tsallaken kogi, ya jefa musu takarda da abin rubutu ɗaure a dutse, sannan ya hau doki ya yi tafiyar sa'o'i ya kai labari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kin ce ke ke kwana da Baba, kuma barci ya ƙaurace miki. Yayarki da ta damu da abin da kike kallo, ki roƙe ta ta karɓe ki dare biyu a mako. Maigidanki da ya ga wahalarki, ki faɗa masa takamaiman abin da zai ɗauke miki. Idan rashin barcin ya ci gaba ko a daren da aka karɓe ki, ko kika fara mafarkai masu firgitarwa, ko kika ga bayan kallo ƙirjinki ya ƙara nauyi maimakon ya sauka, to ki dakata da kallon, ki faɗa wa likitan da ke duba Baba cewa ke ma kina buƙatar a duba ki. Masu jinya suna kwantawa ciwo, kuma likitoci sun san da haka.

Da ni ce ke, da Shackleton zan fara, kuma da kunne, ba da ido ba: hasken waya yana ƙara korar barci, murya kuwa za ki iya saurara ido a rufe, kunne ɗaya a buɗe saboda Baba. Na zaɓe shi ne don kin riga kin san duka mutanen jirgin sun koma gida, ba za ki kwana da fargaba ba. Bayansa Juliane, sannan yaran kogo. Na Andes ki ajiye shi sai ranar da kika samu hutu, da rana, kuma ki kalle shi tare da maigidanki.